Bis ɗin fiksasiyon siki ya cinye kai ya ƙi hita, mi za a yi?

Salamu alaikum ƙanena. Ya karatu, ya sanyi? Saƙonka ya iso, na ga gara in amsa maka nan inda kowa zai karanta, tunda matsalar bis da kanshi ya cinye ba ta masu wasan ƙanƙara kaɗai ba ce, mu nan Maradi kusan kullum sai an kawo mamu irinta garaji, ko a moto ko a gurup ko a ƙyauren ƙofa.

Ga wanda bai ga tambayar ba, yaron nan karatu shike yi a Grenoble ta ƙasar Faransa, ya sayi siki okaziyo, wato dogayen katakan nan biyu da ake ɗaura ma ƙafa a zame bisa ƙanƙara. Da ya kai ɗaki sai ya iske abin da ke riƙe takalmi bisa katakon, wanda suke ce ma fiksasiyon, bai zo daidai da takalminshi ba, ya ce bari ya kwance ya matsar da shi. Ya sa turnabis mai kuros irin wanda ke zuwa cikin kwalin kayan ɗaki, wasu bis ɗin sunka hita, biyu sunka ƙiya, ya ɗauko injin batir ya ƙara masu, yanzu ramin kansu ya goge ya kusa komawa zagaye, turnabis sai zamewa shike. Shina tambaya ko ya hesa WD-40, man nan mai sakin tsatsa, ya bari ya kwana, ko ya nemi mai sudur ya liƙa noti a kai yadda ya ga muna yi gida.

Duka biyun kada ka yi ko ɗaya. Kuma injin nan ka aje shi nesa, kowane juyi guda da ya yi cikin ramin nan shina cinye ɗan abin da ya rage wanda da shi za mu kama bis ɗin. Lokacin da nike karatun makanik a yankin nan naku, duk hunturu shagon haya da gyaran siki nike aiki don in samu na kashewa, ɗaura fiksasiyon da kwance shi shi ne aikina tun sahe har dare, shi ya sa nike maka magana kai tsaye ba kwana-kwana.

Kahin komi, ka tabbata ma kana buƙatar kwance su? Siki da yawa da ake saida ma masu koyo fiksasiyon ɗinsu bisa wani dogo shike tahiya, akwai ɗan harshe da ake ɗagawa sai a tura gaba ko baya, kuma za ka ga lambobi jere a jikin dogon. Duba gehen diddigen takalminka, akwai lamba uku da anka buga, misali 305 ko 315, tsawon tahin takalmin kenan da milimita, ita ake daidaitawa da lambobin dogon, babu bis ko guda da ake taɓawa. Ko wanda anka ɗaure kai tsaye jikin katako, ɓangaren fiksasiyon na diddige shina iya matsawa kamar santimita 2 zuwa 3 a yawancinsu. In wannan ya ishe ka to ka maida waɗanda ka hidda, a bar biyun nan inda suke, aikinsu na riƙo suna yi ko kansu ya goge. Sannan ka kula da babban bis ɗin da ke can gaban ɓangaren yatsu da wanda ke bayan na diddige, waɗanda in ka juya su wata alama ke motsi cikin ƴar taga mai lambobi, waɗannan ba su ke riƙe fiksasiyon jikin siki ba, ƙarhin sifirin suke saitawa, kada ka taɓa su yanzu.

To mu ɗauka dole sai sun hita. Sai ka san abin da bis ɗin ke ciki, don a nan dabararmu ta garaji take rabuwa da ta siki. Bis na murhin injin moto ƙarhe ne cikin alminiyom, abin da ke kama shi tsatsa ce da datti da zahin da ya sha, shi ya sa in mun zuba mashi gazuwal ko man birki munka bar shi, ko munka liƙa mashi noti da sudur, zahi ya ratsa shi, sai ya saki. Siki kuwa tsakiyarshi itace ne, an lulluɓe shi da zaren gilas da gam, wasu an shimhiɗa masu siririn farantin alminiyom da ake kira Titanal, sama roba mai zane, ƙasa wata roba mai santsi ta polietilen, gehe da gehe ƙarhe. Duk kaurinshi daidai ƙarƙashin ƙafa bai cika kai santimita 2 ba. Bis ɗin kaurinshi milimita 5,5 ne, har ƙa'ida gare shi ta duniya, ISO 6004, kuma abin da ke shiga cikin katakon kamar milimita 8 ne a siki na manya, ka ga tsakanin tsininshi da robar ƙasa ƴan milimita ne kawai. Ranar da anka ɗaura shi sai da anka ɗiga gam cikin ramin don kada ruwa ya shiga itacen, wani shago gam na kafintoci mai jure ruwa shike sawa, wani kuma epoksi, irin Araldite ɗin nan mai tub biyu da muke haɗawa. Wanda duk ya ƙi hita da taurin kai, galibi epoksi ne ya riƙe shi. WD-40 ba ya narka epoksi, abin da zai yi kawai ya bi ta gehe ya jiƙa itacen da mai, gobe in ka zo sa sabon gam ya ƙi kamawa. Man birki ya hi muni, shina cin fenti shina lalata roba. Sudur kuwa ba a ma maganarshi, robar ƙasan siki tana narkewa wajen digiri 130, shi kuwa ƙarhe sai wajen 1500 shike narkewa, kahin noti ya kama ka gasa fiksasiyon ɗin da katakon gaba ɗaya.

Yanzu abin da ya jawo maka wannan duka, turnabis ne. Kuros ba iri ɗaya ba ne ko da ido ya ga kamar ɗaya ne. Akwai Phillips, wanda ya bazu daga Amurka tun shekarun 1930, haƙoranshi a karkace suke suna tsukewa wajen tsini, in ka juya shi da ƙarhi shi da kanshi shike turo kanshi waje. Akwai Pozidriv, wanda kamfanin GKN na Ingila ya hito da shi farkon shekarun 1960, shi haƙoranshi a miƙe suke, kuma tsakanin manyan haƙora huɗu akwai wasu ƙanana huɗu. Ka ɗauki ɗaya daga bis ɗin da sunka hita lahiya ka kai shi bakin taga, za ka ga ban da kuros ɗin akwai ƴan zane huɗu sirara tsakankaninshi, wannan ita ce alamar Pozidriv. Kusan duk fiksasiyon na gangara, ko Look ne ko Salomon ko Marker ko Tyrolia, Pozidriv lamba 3 ne, a jikin bakin turnabis za ka ga an rubuta PZ3. Wasu na masu hawan dutse da ƙafa irin su Dynafit suna zuwa da Torx 20 mai siffar tauraro mai tsini shida. Na cikin kwalin kayan ɗaki kuwa galibi lamba 2 ne, ƙarami ne, tsininshi kawai ke taɓa gindin ramin, haƙoran ba su cika gurbinsu ba, sai ya riƙa ɗanɗanar bakin ramin shina gwaguyewa kaɗan-kaɗan. Ka ƙara mashi inji mai gudu, shikenan.

Ƴan uwana makanikai na nan gida wannan ya shahe ku. Bis na motocin Japan, Honda da Yamaha da Suzuki, da yawansu wani kuros ne na uku da ake kira JIS, za ku ga ɗan ɗigo guda a gehen kuros ɗin. Phillips ba ya zama cikinshi daram, shi ya sa bis na karbirato da na murhin inji suke cinyewa a hannun yara ƴan koyo, a yi ta zagin yaro alhali makamin ne ba nashi ba.

Sai ka tahi kanti ka sayo bakin PZ3 sabo mai kyau, irin gajeren nan mai gindi kusurwa shida, ƴan yuro kaɗan ne. Na san kowane yuro guda dala 131 ne in ka juya shi kuɗin gida, amma kada ka yi tsumulmula a nan, mai arha taushi gare shi, shi zai murɗe kahin bis ya motsa. Ka shigo da sikin cikin ɗaki ya kwana, in baranda ko ɗakin ƙasa kake aje shi, don roba mai sanyi saurin tsagewa gare ta. Da sahe ka ɗauki allura ko tsinin ƙusa ka sassaƙe cikin ramin kan bis ɗin sosai, za ka yi mamakin abin da zai hito, kakin goge siki, ƙasa, tsatsa, da garin ƙarhen da injinka ya niƙa. Sau da yawa bakin ramin ne kawai ya lalace, can ƙasa haƙoran na nan da sauransu, datti ne ya hana turnabis isa wurin. Ka shimhiɗa sikin bisa tebur mai ƙarhi, ka sa guntun katako mai laushi daidai ƙarƙashin inda bis ɗin shike don kada ya yi lilo, ka ɗaure shi ko wani ya danne maka. Ka dasa bakin PZ3 cikin ramin a tsaye cak, ka ɗan bubbuga shi da ƙaramar guduma sau uku huɗu, bugun zaunarwa ba na fasawa ba, har ka ji ya daina girgiɗi in ka taɓa shi da yatsa.

Sai zahi, kuma wannan shi ne rabin aikin. Ka ari ƙarhen sude irin na masu gyaran waya da rediyo, in ba ka da shi ɗakin gwaji na lantarki a makarantarku ba za a rasa ba. Ka ɗora tsininshi cikin ramin kan bis ɗin, ka kula kada jikinshi ya taɓa robar da ke kewaye, ka bar shi kamar rabin minti zuwa minti guda. Zahin zai bi jikin bis ya sauka har inda gam ɗin shike, epoksi kuwa in ya ji zahi laushi shike yi kamar alewa a ranar watan Afrilu, ba ya buƙatar wuta mai yawa, digiri 60 zuwa 80 ma ya fara saki. Ɗayan hannunka ya kasance ƙarƙashin sikin daidai wurin, in ka ji ɗumi ya fara isowa robar ƙasa to ya isa haka, ɗauke. Kada ka sa wutar gas ko na'urar hura iska mai zahi, su ko'ina suke gasawa, kai kuwa bis kaɗai kake so ya ji. In ƙarhen sude ya gagara samu, akwai dabarar tsohin ma'aikata, a juya mesh a sa shi cikin injin huda ta baya, gindinshi mai santsi ya zama shi ne waje, a danna bisa kan bis a bar shi ya yi ta gudu, gogayyar nan kaɗai tana zafafa shi.

Da ka ɗauke zahi kada ka tsaya, gam shina komawa ya daskare. Ka shafa ma bakin turnabis ɗan man nan mai yashi-yashi da makanikai ke goge supap da shi, pat a rode, shi ke sa ƙarhe ya ciji ƙarhe. Dabarar sa robar ɗaure kuɗi da ake ta yaɗawa a intanet ba ta aiki a nan, ta ƙananan bis ce da ba su da gam. Ka dasa baki, ka hau kanshi da nauyin jikinka duka, kafaɗarka daidai saman turnabis, dannawa ta hi juyawa yawa nesa ba kusa ba. Ka fara juyawa ɗan ƙyas ta wajen ɗaurewa, don haƙoran wannan gehen ba su lalace ba kuma shi ke karya riƙon gam, ɗan ƙyas fa na ce, in ka zarce za ka cinye zaren itacen. Sannan ka dawo ta wajen kwancewa a hankali, ba fizga. In ka ji wata ƴar ƙara ƙas, ya saki kenan. In kuwa ka ji bakin ya fara hawa sama zai zame, tsaya nan take, ka sake zafafawa, ka sake zaunar da shi. Gaggawa aikin shaiɗan ce, a nan kam gaskiya ne.

Akwai wadda ni na hi so in hannu ya kasa. Ka sami matsin kafintoci, sarjuwan, ka sa ƙafarshi guda ƙarƙashin siki da guntun katako tsakani, ɗayar bisa gindin gajeren bakin PZ3, ka matse har bakin ya nutse cikin ramin ba shi da hanyar hawa. Sai ka kama gindin bakin mai kusurwa shida da ƙaramin kile, na milimita 6,35 ne wato kwatan inci, ko kile mai daidaitawa, ka juya. Ba inda zai zame. Amma ka ji wannan da kyau, da zarar ya motsa kamar kwatan juyi ka sassauta matsin kaɗan kahin ka ƙara, don bis in shina hita sama shike tasowa, in ka danne shi kana juyawa zaren cikin itacen zai tsinke ka koma wata matsalar. Juya kaɗan, sassauta kaɗan, har ya kai inda hannu zai ƙarasa.

Turnabis na bugu, wanda ake doka ma guduma shi kuma ya juya da kanshi, nan garaji shi ne sarki wajen bis na moto. A siki ana sa shi amma da bugu mai sauƙi kuma sai ƙasan ya zauna bisa katako daram, in ba haka ba ka tsaga robar fiksasiyon ko ka turo tsinin bis ya yi ƙululu a ƙasan sikin. Tunda ba ka saba da shi ba, ka tsallake shi.

In ramin ya riga ya zama zagaye sumul babu abin kamawa, to sai a yi mashi sabon wurin kamu. In kan bis ɗin a sarari shike, ana yanka mashi tsaga guda da ƙaramin dutsen inji a sa babban turnabis mai faɗi, sai dai yawancin na fiksasiyon a nutse suke cikin roba, dutsen zai yanki abin da ba a aike shi ba. Abin da ya hi shi ne ka huda tsakiyar kan da mesh na milimita 3,5 ko 4, zurhin milimita 2 zuwa 3 kawai, ka ɗauko bakin Torx 25 ka buga shi ciki ya yanka ma kanshi gurbi, ka zafafa, ka juya yadda na faɗa. In ka samu mesh na hagu, wanda ke yanka lokacin da inji ke juyawa baya, ka yi hudar da shi, sau da yawa kana cikin huda zahi da cizon mesh ɗin za su sa bis ya biyo shi ya hito.

Za su nuna maka ekstrakta a kanti, ɗan ƙarhen nan mai tsini da zaren hagu. Ni ban ba ka shawarar shi ba. Wanda zai shiga bis na milimita 5,5 siriri ne ƙwarai, kuma an ƙona ƙarhenshi ya yi tauri har ba ya lanƙwasa sai dai ya karye, in ko ya karye cikin bis ɗin ka samu guntun da mesh na yau da kullum ba ya iya ci, hanyar da ta rage maka mai sauƙi ta toshe kenan.

Hanyar kuwa ita ce a cire kan gaba ɗaya, kuma kada ta ba ka tsoro, ta hi duk sauran tabbas. Ka tuna bis ba komi ba ne, sabo ake sawa, abin da muke tsaro shi ne katakon da ramin da ke cikinshi. Ka sami mesh na ƙarhe mai kyau, in da hali mai kobal don bis ɗin nan masu tauri ne, milimita 5,5 ko 6. Ka sa tabarau. Ramin da ya goge shi zai riƙe maka mesh a tsakiya, ka huda a tsaye, inji a hankali, dannawa da ƙarhi, kana tsayawa kana bari ya huce don kada kan ya yi zahi ya narke robar da ya zauna a kai. Ba zurhi za ka yi ba, kaurin kan kawai, milimita 3 ko 4. Za ka ga garin ƙarhe shina hita, can sai kan ya rabu da jiki ya maƙale a mesh kamar ɗan zobe shina juyawa tare da shi, to tsaya. Ka cire sauran bis ɗin duka, ka duba ko akwai wanda ya ɓuya ƙarƙashin birkin fiksasiyon, ƴan ƙarahan nan biyu da ke tsaida siki in takalmi ya hita, ko ƙarƙashin na diddige sai an tura shi baya ake ganinshi, sannan ka ɗaga fiksasiyon ɗin sama a miƙe. Abin da za ka gani shi ne guntun bis tsaye bisa katako, tsawonshi daidai kaurin gindin fiksasiyon ɗin, kuma yanzu ba roba kusa da shi. Ka liƙa tef kewaye don kada ka karce zanen, ka zafafa guntun kai tsaye, ka kama shi da filaya mai kulle ka matse iya ƙarhinka, ka juya a kwance. In shina zamewa ka goge gehe biyu da magagari su yi faɗi. In guntun na da tsawo ma kana iya kama shi cikin bakin injin huda kamar mesh, ka matse, ka juya baya sannu.

Wani lokaci guntun shina karyewa daidai da huskar katako. A nan ka tsaya, kada ka bi shi da mesh, ƙarhe mai tauri ne cikin itace mai laushi, mesh zai gudu gehe ya faɗa itacen ko ya ɓulla ta ƙasa. Shaguna na da mesh mai rami a ciki da ke yanka kewaye da guntun a hidda shi da ɗan itacen da ke jikinshi, sannan a sa gurbin ƙarhe ko na roba. Tunda kai matsar da fiksasiyon za ka yi, mai yiwuwa ma ba ka buƙatar ramin, a goge guntun ya yi daidai, a ruhe shi da epoksi, a bar shi nan har abada.

Akwai kuma wata cutar daban da mutane ke haɗawa da wannan, bis shina juyawa lahiya lau amma ba ya hitowa ba ya ɗauruwa. Wannan ba kai ne ya cinye ba, zaren cikin itacen ne. Sai a sa siririn ƙarhe mai faɗi ƙarƙashin fiksasiyon a ɗan ɗaga ana juyawa, zai biyo. Ramin kuma ba a maida bis cikinshi haka nan, sai an gyara shi da helikwal, wato sabon zare da ake murɗawa cikin ramin, ko gurbin ƙarhe mai zaren M5 da epoksi. Tura ashana ko tsinken sakace da muke yi ma ƙyauren ƙofa kada ka kai shi can, wannan abu ƙafarka zai riƙe kana gangarowa daga dutsen Chamrousse na kusa da Grenoble, inda anka yi tseren gangara na Olamfik ta 1968, ba wurin wasa ba ne.

In sun hita, kowane bis ka soka shi a kwali daidai wurin da ya hito, don na gaba da na baya ba lalle tsawonsu ɗaya ba, in ka sa dogo inda gajere shike zai turo robar ƙasa. Biyun da sunka lalace a sake su da irinsu sak, tsawo da siffar kai, shagon siki suna da su cike da akwati, kada ka sa bis na katako na kanti. Tsohin ramuka duka a toshe su da ƴan matosan roba da gam, don ruwa in ya shiga itacen ya daskare shina buɗa shi, daga baya ya ruɓe. Sabon rami kuma ya nisanci tsoho da aƙalla santimita 1 daga tsakiya zuwa tsakiya.

Amma huda sababbin ramukan, wannan kam ina roƙonka ka kai shago. Suna da ma'auni na kowane irin fiksasiyon da ake maƙalawa bisa siki ya nuna wurin huda daidai, da mesh mai kafaɗa da ba ya wuce zurhin milimita 9 zuwa 9,5, kauri 3,5 ko 3,6 in babu ƙarhe a ciki, 4,1 in akwai Titanal, galibi a rubuce shike jikin sikin. Ɗaurin ƙarshe da hannu ake yi, ƙarhin murɗawa wajen 4 Nm, ba da inji ba. Abin da ya hi wannan duka muhimmanci, fiksasiyon an yi shi ne ya riƙe ka lokacin da kake tahiya kuma ya sake ka lokacin da ka faɗi, in ya ƙi saki ƙashin ƙwauri ko jijiyar gwiwa ke biya, in ya saki da wuri kuma ka kihe kana cikin gudu. Lambar da ke cikin ƴar tagar nan ana lissafa ta ne da nauyinka da tsawonka da shekarunka da tsawon tahin takalmi da iyawarka, bisa ƙa'idar ISO 11088, kuma shago mai kyau zai sa takalmin a na'ura ya murɗa ya ga ko da gaske a wannan lambar shike saki, don sifirin da ya tsufa ba lalle ya bi abin da ke rubuce ba. Ka tahi da takalmin duka ƙafa biyu. In a ƙasanshi an rubuta GripWalk, sunan wani irin tahin takalmi ne, ka nuna masu, ba kowane tsohon fiksasiyon ke karɓarshi ba. In kuma sunka duba sunka ce ya tsufa ba za su taɓa shi ba, kada ka ji haushi ka ce za ka yi da kanka, robar da ta daɗe tana fashewa ba sanarwa, ka nemi wani.

Kahin ka sa mesh a komi, ɗauko mani hoton kan bis ɗin biyu kusa-kusa da haske mai kyau bayan ka sassaƙe su, da hoton fiksasiyon ɗin ta gehe da lambar takalminka, ka turo, in gani ko PZ3 da zahi kaɗai za su isa. Mutanen gida duk lahiya lau, suna gaishe ka.